Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Shawara Ga Mai Tafiya Da Kare

Da zarar an kawar da amfanin gona, gero da dawa sun shiga rumbu, sai hanya ta cika da matafiya. Daga watan Nuwamba har zuwa Janairu mutanenmu na Mawashi da sauran ƙauyukan Kusada da Kankiya ba su cika zama wuri ɗaya ba. Wasu sun tafi gaishe da dangi, wasu biki, 'yan makaranta sun dawo hutu, wasu malamai da ma'aikata kuma an sauya musu wurin aiki, sun kwashi iyali da kaya sun tashi. In ka tsaya a bakin babban titin Kano zuwa Katsina, ko a Gidan Mutum Ɗaya ko a Kankiya, za ka ga gadaje da tabarmi da tukwane da kaji a kan mota. In ka ƙara dubawa da kyau, wani lokaci sai ka ga wani buhu yana motsi. Kwikwiyo ne a ciki.

Kare yana da amfani a gidajenmu, ba mai musun haka. Shi ne mai gadi da dare, shi ke korar dila daga akurkin kaji, shi ke raka yara gona. Saboda haka in iyali za su tashi ba sa so su bar shi a baya, in kuma yaro ya je hutu gidan kakanninsa aka ba shi kwikwiyo, to, ba mai raba su sai da kuka. Amma yawancinmu sai ranar tafiya muke tunawa da shi, bayan an gama ɗaure kaya, direba yana ta danna ham. Ga shi kuwa Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Shirin tafiya da kare wata guda yake ci, domin mai ɗauke da kare ba dabba kaɗai ya ɗauka ba. Duk cutar da ke jikin dabbar ita ma ta hau mota, za ta kuma sauka a garin da aka nufa.

Cutar da ke tafiya a ɓoye

Babbar cutar da muke nufi ita ce ciwon haukan kare. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar da ta kamu. In ta ciji mutum ko wata dabba, ƙwayar ba ta bin jini, sai ta bi jijiyoyi a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya ta cikin jiki takan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Duk tsawon lokacin nan kare yana cin abincinsa, yana kaɗa wutsiya, yana wasa da yara, ba abin da ido zai gani. Ana iya sa shi a mota a Bici lafiya lau, sai bayan wata biyu hauka ya tashi a Mawashi. Haɗarin ke nan.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta kimanta cewa mutum wajen 59,000 ne wannan ciwo ke kashewa kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya. Cikin kowane 100 da suka kamu, kusan 99 ta wurin kare ne, 40 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalilin yawan yara ba ɓoyayye ba ne. Su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne kuma in ya ɗan yakushe su ko ya cije su ba sa faɗa, don tsoron faɗan iyaye. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, watau tsoron ruwa da ruɗewa da shanyewar jiki, to, sai dai a yi haƙuri, gama da wuya ƙwarai a tsira.

Ga misali daga nesa. A ƙasar Indunisiya akwai wani tsibiri mai suna Fulores, wanda bai san wannan ciwo ba sam. A 1997 aka kawo karnuka uku cikin jirgin ruwa daga wani tsibirin. Cikin shekara biyar mutum fiye da 100 suka mutu, aka kuma kashe karnuka dubbai don a tare cutar. Karnuka uku kacal. Wanda ya ɗauko su bai yi nufin mugunta ba, tafiya kawai ya yi da dabbobinsa, kamar yadda mu ma muke yi.

A ƙasarmu kuwa karnuka suna tafiya fiye da yadda muke zato. Fatake suna bin ƙauyukan arewa suna sayen karnuka, su loda su cikin keji a manyan motoci zuwa kasuwar Dawaki a ƙasar Kanke ta Jihar Filato, daga can kuma wasu su wuce kudu. Likitocin dabbobi da suka bincika ƙwaƙwalwar karnukan da ake yankawa a irin waɗannan wurare sun sami ƙwayar hauka a jikin wasu da a ido lafiyayyu ne. Haka kuma mafarauta da rani sukan cika mota da karnukansu su tafi daji mai nisa, su dawo. Saboda haka kada mu sayi kare a bakin hanya ko a kasuwa daga hannun wanda ba mu sani ba, kada kuma mu bar yara su tsinto kwikwiyo a tasha su kawo gida don tausayi.

Wata guda kafin tafiya

Abu na fari shi ne allurar rigakafi. Tun 1885 wani masani Bafaranshe, Luwi Fasto, ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, ta wurin allurar da ya ƙago. A nan Nijeriya cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924, ta daɗe tana yin allurar karnuka. Watau maganin ba baƙo ba ne a gare mu. Akan yi wa kwikwiyo allurar in ya cika wata uku, a maimaita kowace shekara. Amma mu lura, allura ba ta fara tsaro a ranar da aka yi ta. Jiki yana bukatar mako uku zuwa huɗu kafin ya yi ƙarfi. Wanda ya yi allura yau ya hau mota gobe, takarda kawai ya riƙe.

Sai a nemi ma'aikacin lafiyar dabbobi na ƙaramar hukuma, ko a je asibitin dabbobi a Katsina ko Kano. A Zariya ma akwai babban asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello. A tabbata an ga allurar ta fito daga cikin sanyi, gama zafi yana lalata ta. A karɓi takardar shaida mai kwanan wata da sa hannu, a ajiye ta tare da takardun gida, a kuma tafi da ita.

Akwai cuta ta biyu mai kashe 'yan kwikwiyo, likitoci suna kiranta fabo. Ta bayyana a duniya a 1978. Alamarta amai ne da zawo mai jini da wari, kwikwiyo ya ƙi abinci, cikin kwana kaɗan ya mutu. Ƙwayarta tana fita cikin kashin kare, tana kuma iya zama cikin ƙasa watanni. Allurarta akan fara ta tun kwikwiyo yana da mako shida zuwa takwas, a ƙara sau biyu ko uku. Wannan ya sa ba a sauke kwikwiyon da bai gama allura ba a ƙasan tasha ko kasuwa, inda kowane kare ke bi.

Haka nan a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire masa kaska da ƙuma. Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsa ake haihuwarsu, ƙwan tsutsar kuwa yana shiga cikin yara masu wasa da ƙasa. Kaska guda da ta faɗi a sabon gida ta isa ta cika shi da 'ya'ya.

Sa'an nan mu dubi shekarunsa. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin ya cika mako takwas. Mun sha ganin yara sun dawo hutu da kwikwiyon da idonsa bai daɗe da buɗewa ba, ana ba shi koko da tsinke, kwana uku ya mutu, gida ya cika da kuka. In kakanni sun yi wa yaro kyauta, a gode musu, a roƙe su su riƙe shi wurin uwarsa, a aiko da shi daga baya. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da za a sa shi ciki

Buhu ba wurin mai rai ba ne. Buhun leda ba ya shigar da iska sosai, buhun taki kuwa akwai sauran takin a ciki da ke ƙona ido da hanci. Ga kwikwiyo, kwando mai murfi ya isa, ko kwali mai ƙarfi da aka huda ramuka a kowane gefe. Ga babban kare sai a sa kafinta ya haɗa akwati na katako da waya, ko a sami keji. Ma'auninsa mai sauƙi ne: kare ya iya tsayawa, ya iya juyawa, ya iya kwanciya a ciki. A shimfiɗa tsohon buhun algarara ko harawa a ƙasa don fitsari. In akwai tsumman da uwarsa ta kwanta a kai, a sa masa, ƙanshinta yakan kwantar masa da hankali.

Mako guda kafin tafiya a ajiye akwatin a tsakar gida a buɗe, a riƙa ba shi abinci a ciki. Ta haka ranar tafiya zai shiga kamar ɗakinsa, ba sai an yi kokawa ba. A kokawar nan ne mutane da yawa kan sha cizo.

A sa masa abin wuya na fata ko na ƙyalle mai ƙarfi, wanda yatsu biyu za su iya shiga tsakaninsa da wuya. Kada a yi zarge da igiya, gama yana ja tana shaƙe shi. Kada kuma a ɗaure shi da doguwar igiya a kan kaya a bayan a-kori-kura. In mota ta faɗa rami ya zame, sai ya rataye a gefen mota, ba wanda ya sani sai an tsaya. Mun taɓa ganin haka a wata tasha, mai gidan ya sauko yana kiran karensa, yaransa huɗu suna kallo.

Masu babur su ma su ji. A ɗaure kwando a baya da kyau, a rufe samansa da ƙyalle don rana. Ɗaure kare da igiya a sa shi gudu a bayan babur ko keke zalunci ne. Kwalta da tsakar rana tana sale masa tafin ƙafa.

Zafi da ƙishirwa

Mutum in ya ji zafi gumi yake yi. Kare ba haka yake ba, guminsa kaɗan ne, a tafin ƙafa. Ta wurin haki yake fitar da zafi, shi ya sa muke ganin ya zaro harshe. Zafin jikinsa na kullum digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kuwa ransa yana cikin haɗari. To, mu tuna da bazararmu. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Katsina yakan kai digiri 40 a inuwa. Mota in an rufe gilasanta a rana, cikin minti 10 zafin cikinta yakan ƙaru da wajen digiri 10. Saboda haka kada a bar kare cikin mota a rufe, ko da za a shiga kasuwar Caranci ne a fito yanzu. Kada kuma a sa shi a but, inda ba iska, ga zafin ƙarfe, ga hayaƙin salansa.

Lokacin tafiya mai kyau shi ne da asuba. Daga Kankiya zuwa Katsina wajen kilomita 60 ne, zuwa Kano kuwa ya ɗan haura 100, duk ana iya isa kafin rana ta yi zafi. In hunturu ne, sanyi ne abin tsoro ga kwikwiyo, sai a rufe gefen kwandon da ke fuskantar iska.

A ba babban kare abinci kaɗan awa uku ko huɗu kafin a tashi, kada a cika masa ciki. Kwikwiyo ba ya jure yunwa, sai a tafi masa da ɗan abincin da ya saba ci. A riƙe gorar ruwa da kwanonsa na kansa. In tafiyar mai nisa ce, irin ta Zariya ko Jos, a ba shi ruwa duk bayan awa biyu, a fito da babban kare da igiya a hannu ya kama ruwa nesa da mutane da masu sayar da abinci. Kada a sake shi ko na minti ɗaya. Karen da ya firgita a baƙon wuri ba ya jin kiran ubangidansa.

In aka ga yana haki ba ƙaƙƙautawa, harshe ya yi ja wur, yana tangaɗi, zafi ne ya buge shi. A tsaya nan da nan, a kai shi inuwa, a kwarara masa ruwa mai sanyi a jiki duka, a yi masa fifita, a ba shi ruwa kaɗan kaɗan in yana iya sha, sa'an nan a nemi likita.

Wani abu kuma: 'yan kwikwiyo da yawa mota tana sa su jiri, kamar yadda take sa wasu yara. Sai su riƙa dalalar da yawu, su yi amai. Wanda bai sani ba in ya ga yawu sai ya ce mahaukacin kare ne, kafin ka ce me, an taru da sanduna. A nan ne takardar allura take ceton dabbarka, ta kuma kwantar da hankalin jama'a. Amma kada don gudun wannan a ba shi ƙwayar barci ko maganin ciwon jiki na mutane. Wasu daga cikinsu suna lalata masa ciki da ƙoda, ƙwayar barci kuma tana hana shi haki yadda ya kamata. In da bukatar magani, likitan dabbobi ne zai faɗa.

Abokan tafiya

Motar haya ba tamu ce mu kaɗai ba. Maƙwabtanmu Musulmi da yawa ba sa so kare ya taɓa jikinsu ko tufafin da za su yi salla da su, wasu fasinjoji kuma tsoro suke ji. Wajibi ne mu girmama wannan. Tun kafin ranar a je tasha a yi magana da direba, a gaya masa gaskiya: "Malam direba, ina da kare cikin akwati, ga takardar allurarsa. Ina za mu sa shi, nawa ne kuma kuɗinsa?" In ya ƙi, kada a yi gardama, a nemi wata motar ko a ɗauki shata tare da kayan gida. Ɓoye kwikwiyo a cikin jaka a shiga mota da shi ba dabara ba ce. In ya yi kuka a tsakiyar hanya, ko ya yi fitsari a kan buhun garin wani, kunya da rigima ne za su biyo baya. Zaman lafiya da maƙwabci ya fi kuɗin kujera ɗaya.

Masu ƙetare iyaka, ko ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta jirgin sama, sai su nemi izini tun da wuri daga hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, watau NAQS. Ƙasashen waje ba sa wasa da wannan. Ingila ta yi shekaru masu yawa tana tsare duk karen da ya shigo har wata shida, sai a 2000 ta fara sassautawa. Amurka kuwa tun 1 ga Agusta 2024 ba ta karɓar karen da bai cika wata shida ba, tana kuma lissafta Nijeriya cikin ƙasashen da ke da haɗarin ciwon hauka. In manyan ƙasashe suna tsaron iyakarsu haka, mu ma ya kamata mu tsare ƙofar ƙauyenmu.

Bayan an sauka

An iso lafiya, amma da sauran aiki. A ɗaure shi a inuwa ko a rufe shi a wuri guda har mako biyu. Kare in an sake shi da wuri yakan kama hanyar tsohon gida ya ɓace, karnukan unguwa kuma sukan taru su yi wa baƙo rauni. Cikin kwanakin nan a ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba, a kuma sa masa ido. In mai fara'a ya koma ɓuya a duhu, ko yana cizon itace da duwatsu, ko muryarsa ta sauya, ko muƙamuƙinsa ya saki yawu yana zuba, kada kowa ya matsa kusa, kada kuma a sa hannu a bakinsa wai ƙashi ne ya maƙale. A kira ma'aikacin dabbobi.

In kuwa ya ciji wani, ko a hanya ko a gida, abin yi na fari shi ne a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15. A duba agogo, gama minti 15 ya fi tsawo fiye da yadda muke zato. Sa'an nan a tafi asibiti a ranar, ko Babban Asibitin Kankiya ko na Katsina, ko da raunin ƙanƙane ne. Tsofaffinmu suna tuna allurai masu yawa da ake yi a ciki a dā, shi ya sa wasu ke tsoro. Yanzu ba haka ba ne, allurai kaɗan ne a dantse, a ranaku da likita zai faɗa, sai dai tilas a cika su duka. Ƙona gashin kare a shafa a miki ba ya kashe ƙwayar cutar, ɓata lokaci ne kawai. Karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi. In ya cika kwana 10 lafiya, to, ba shi da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma kada a jira kwanakin nan su cika kafin a je asibiti.

Iyaye su zaunar da yara su gaya musu cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa nan take, ba za a doke shi ba. Malaman makaranta ma mu riƙa maimaita wannan a aji kafin a tafi hutu.

Wani lokaci kuma shawara mafi kyau ita ce a bar karen. In ya tsufa, ko ba shi da lafiya, ko karya ce mai ciki da ta kusa haihuwa, ko gidan hayar da za a shiga a birni ba fili, gara a danƙa shi a hannun amintaccen maƙwabci tare da takardarsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da bai kamata ba shi ne a tashi a bar shi a kango ba mai ba shi abinci, ya zama karen bola mai haɗari ga 'ya'yan wasu.

Masana sun nuna cewa in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 allura a wani yanki, cutar ba ta samun hanyar yaɗuwa. A kan wannan ne hukumomin lafiya na duniya suka sa wa kansu burin kawar da mutuwar mutane ta wannan hanya kafin 2030, kowace ranar 28 ga Satumba kuma ana tunawa da yaƙin. Ba sai mun jira wannan rana ba. Magidanta goma na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗin mota su gayyato ma'aikacin dabbobi ya yi wa karnukansu allura rana ɗaya, ya fi arha, ya kuma fi sauƙi. Duk wanda ya san zai yi tafiya a ƙarshen shekara, to, ya ƙidaya mako huɗu baya daga ranar tashi, ya sa alama a kalanda, ya je ya ga kafinta da likita a wannan makon.